Ta ɗaya a wannan mako, amma a ƙirgar wa?

Tsarin shirin ƙirgar waƙoƙi na talabijin ba shi da wuyar ganewa. Mai gabatarwa zai tsaya gaban kyamara, wani lokaci a ɗakin shiri a birnin Nashville, wani lokaci a bayan dandalin wani babban wasa, ya ce ga bidiyon da ke mataki na 20 a wannan mako. A nuna shi, a tafi talla, a dawo kan na 19. Haka za a yi ta gangarowa, ana tsarma hira da mawaƙa da labarin wanda ya yi aure da wanda zai fita rangadi, har a iso kan na ɗaya, a buga masa ganga kamar an naɗa sarki. Tashar CMT ta Amurka ta shekara da shekaru tana wannan a ƙarshen mako, a baya da sunan Top 20 Countdown, daga 2013 kuma Hot 20 Countdown. Kishiyarta GAC ma ta yi nata na 20, wanda masu kallo ke kaɗa wa ƙuri'a a intanet. Duk wanda ya taɓa zama gaban Zafafa Goma a Arewa24 ya san yadda abin ke riƙe mutum. Ko waƙar da ke kan allo ba ta yi maka ba, za ka haƙura ka zauna, don kana son ganin wa zai zo bayanta.

Kiɗan da waɗannan tashoshi biyu suka tsaya a kai shi ne kantiri, kiɗan karkarar kudancin ƙasar Amurka, na jita da goge da labarin talauci, giya, coci da rabuwar aure. Ba baƙo ba ne a kunnenmu. Waɗanda suka yi samartaka a shekarun 1970 da 1980 sun san muryar Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton ta rediyo da kaset, da yawansu ba su taɓa ganin fuskokin nan suna motsi ba. Abin da ya sa nake ganin ya kamata mu leƙa yadda Amurkawa ke jera waƙoƙin nan a talabijin shi ne, a can ne aka fi daɗewa ana rigima a fili a kan tambayar da mu ma ta fara iso mana: idan aka ce waƙa ita ce ta ɗaya, wa ya ƙirga, kuma me ya ƙirga?

Matsayina shi ne, jerin nan bai taɓa zama tsantsar son jama'a ba, kuma masu shirya shi sun san haka. Duk da haka ina cikin masu baƙin cikin yadda yake mutuwa, domin abin da ke maye gurbinsa ya fi shi ɓoye hannu.

A fara da yadda abin ya samo asali. Jera waƙoƙi daga ƙasa zuwa sama tsohuwar sana'ar rediyo ce. Tun 1935 ake yin Your Hit Parade, a 1970 Casey Kasem ya fara American Top 40, a 1973 kuma aka yi wa kantiri nasa, American Country Countdown, wanda Bob Kingsley ya riƙe daga 1978 zuwa 2005. Duk wannan harkar kunne ce. Da MTV ta buɗe a watan Agustan 1981 sai ido ya shigo ciniki. A watan Maris na 1983 aka buɗe tashoshin kantiri biyu a jihar Tennessee, kwana biyu tsakani, CMT da TNN. GAC ta biyo baya a ranar ƙarshe ta 1995. Daga nan duk mawaƙin da ke son shiga jeri sai ya tanadi bidiyo, bidiyo kuwa kuɗi ne: darakta, ma'aikatan haske, wurin ɗauka, masu kwalliya. Wanda ke biya shi ne kamfanin faifai, kuma ba kyauta yake yi ba, yakan cire wani kaso daga abin da mawaƙin zai samu. Tun kafin a kai ga maganar ƙuri'a, an riga an tace mutane sau ɗaya: wanda kamfani bai ga zai mai da masa kuɗinsa ba, ba shi da bidiyon da za a zaɓa.

Shi ya sa kalmar nan ta "ku kuka zaɓa" da masu gabatarwa ke yawan faɗi take ba ni dariya. Ɗan Najeriya ya fi kowa sanin wannan wasa. Ranar babban zaɓe a ce maka ƙuri'arka 'yancinka, alhali an gama magana tun a zaɓen fidda gwani, a ɗakin da ba a gayyace ka ba. A lokacin, mai kallon GAC da ya shiga shafin tashar yana zaɓa ne cikin sunayen da aka jera masa, sunayen da suka fito daga abin da tashar ke nunawa, wanda shi ma ya fito daga abin da kamfanonin faifai na unguwar Music Row ta Nashville suka aiko. Ƙuri'ar gaskiya ce, ban ce ana maguɗi ba. Amma ƙuri'a ce da ta fi auna wane mawaƙi ne ke da rundunar masoya masu lokaci da intanet, waɗanda za su wuni suna dannawa suna kiran juna, fiye da yadda take auna wace waƙa ce direban babbar mota ke rerawa a hanyar Texas. Mu ma mun san haka tun zamanin Zaɓi Sonka, lokacin da mai kuɗin sayen kati da yawa shi ake ji kullum, har sunansa da na ƙauyensu su zama kamar wani ɓangare na shirin.

Inda tasha ba ta dogara da ƙuri'a kaɗai ba, sai ta leƙa jerin rediyo da na ciniki, su ma kuma suna da nasu labarin. A 1996 majalisar Amurka ta cire iyakar yawan tashoshin rediyon da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin ƙasar. Yau kamfanin iHeartMedia kaɗai yana da sama da 800. Ma'ana, mutane ƙalilan a ofisoshi ƙalilan ne ke yanke abin da miliyoyi za su ji. A Nashville ba sirri ba ne cewa kamfanoni kan tsara makon da za su tura waƙarsu ta hau ta ɗaya a jerin rediyo, a matsa wa tashoshi su ƙara juya ta a wannan makon, ta hau, a yi liyafar murna a raba alluna, mako mai zuwa ta sauka ta ba ta wani kamfanin wuri. Duk wanda ya dubi Country Airplay, jerin rediyon kantiri na mujallar Billboard, a 'yan shekarun nan zai ga yadda waƙoƙi da yawa ke yin mako ɗaya tak a sama. Son mutane ba ya canzawa da irin wannan tsari kowace Litinin. Maganar ba da na goro don a juya waƙa kuwa ta daɗe: majalisa ta yi zama a kanta a 1960, sannan a 2005 babban lauyan jihar New York na lokacin, Eliot Spitzer, ya sa Sony BMG ta biya dala miliyan 10 kan irin wannan hali.

Abin da ya fi tabbatar mini cewa hanyar ƙirga ita ce komai shi ne abin da ya faru a 1991. Kafin wannan shekara, Billboard kan tambayi masu shagunan faifai ne abin da ya fi tafiya, su kuma su faɗi abin da suka ga dama ko abin da suka tuna. A watan Mayun 1991 aka koma amfani da SoundScan, wadda ke ƙirga kowane faifan da aka sayar a shago. Nan take aka ga ashe kantiri da rap sun fi yadda ake zato ciniki nesa ba kusa ba. A watan Satumba kundin Garth Brooks ya faɗo kai tsaye kan mataki na ɗaya a jerin dukkan kundayen Amurka, abin da kundin kantiri bai taɓa yi ba. Masu sayen nan suna nan tun da, ba a ƙirga su ne kawai. Sai kuma a watan Oktoban 2012 Billboard ta sake taɓa ma'auni, ta shigar da saye ta intanet da sauraro ta manhaja da juyin da tashoshin da ba na kantiri ba ke yi wa waƙa. Sakamakon haka waƙar da mawaƙiyar pop Bebe Rexha ta yi da Florida Georgia Line ta zauna mako 50 a saman jerin Hot Country Songs. Ka ga jeri biyu na gida ɗaya, a kan kiɗa ɗaya: a ɗaya ana sauya sarki kowane mako, a ɗayan sarki ya kusa shekara bai motsa ba. Wanne ne son jama'a?

Talabijin ya ƙara nasa tacewar a kan wannan duka, wato fuska. Shekarun 1990 sun zo da samari masu malfa da matsattsen wando da 'yan mata masu kyan hoto, kuma ba laifi ba ne mawaƙi ya yi kyau. Shania Twain ta san amfanin kyamara fiye da kowa a zamaninta, kuma waƙoƙinta sun tsaya da ƙafafunsu. Amma tsofaffi an ture su gefe ba tare da an ce musu komai ba. Don Williams, wanda ya hau mataki na ɗaya sau 17, daga farkon shekarun 1990 jerin Amurka ya daina yi da shi. A 1997 kuwa yana Harare, jama'a sun cika wuri suna rera waƙoƙinsa baiti-baiti. Johnny Cash kamfanin Columbia ya sallame shi a 1986 bayan kusan shekara 30 tare. Da ya dawo da ƙarfinsa a hannun wani mai shirya waƙoƙin rap da rock, rediyon kantiri ya yi kamar bai gani ba. Bidiyon da ya yi dab da rasuwarsa, yana tsoho hannu na rawa, shi CMA, ƙungiyar masu harkar kiɗan kantiri, ta ba kyautar bidiyon shekara a 2003, alhali rediyo bai ba waƙar wani wuri na a zo a gani ba.

Maganar mata ita ce inda abin ya fi fitowa fili, domin a nan wani ya yi suɓutar baki. A watan Mayun 2015 wani mai ba tashoshin rediyo shawara, Keith Hill, ya gaya wa mujallar Country Aircheck cewa duk mai son tasharsa ta samu masu sauraro ya rage mata. Ya kwatanta waƙoƙin maza da ganyen salak, na mata kuma da tumatirin da ake ɗan yanka a kai. An yi ca a kansa, Martina McBride har riguna ta buga da tumatir. Amma mutumin bai ƙirƙiro komai ba, abin da ake yi ya faɗa. A watan Disambar 2018, karo na farko tun da aka kafa jerin Country Airplay a 1990, aka wayi gari babu mace ko ɗaya a cikin 20 na sama. Binciken da Jada Watson ta Jami'ar Ottawa ta yi ya nuna rabon mata a juyin rediyon kantiri a wannan tsakani bai wuce kashi 10 cikin 100 da ɗan wani abu ba. Wannan a kiɗan da ya haifi Patsy Cline da Loretta Lynn da Reba McEntire.

Hujjar masu tashoshi kullum ita ce, mu abin da jama'a ke so muke sakawa. Amma ai kunne abin da ya saba ji yake so. Ka hana waƙa shiga, sannan ka tambayi mutane ko sun san ta, su ce a'a, ka ce ka gani ko, ba a son ta. A watan Fabrairun 2019 Kacey Musgraves ta ɗauki Grammy ta kundin shekara, wadda ake takara da kowane irin kiɗa, da kundin da rediyon kantiri ya yi wa riƙon sakainar kashi.

To a nan ne nake cewa tashar talabijin mai suna da adireshi tana da wani amfani da ake mantawa. A watan Janairun 2020 wata tashar rediyo a jihar Michigan ta rubuta a Twitter cewa ba a yarda su saka waƙoƙin mata biyu a jere ba. Musgraves da Kelsea Ballerini suka mayar da martani, abin ya zama surutu. Cikin 'yan kwanaki CMT ta fito ta ce daga yanzu, a sa'o'in da take nuna bidiyo, rabi na mata ne rabi na maza. Tashar ta riga ta fara wani shiri na ɗaga sababbin mawaƙa mata tun 2013, a ƙarƙashin wata babbar ma'aikaciyarta, Leslie Fram. Wani zai ce wannan ai son kai ne a fili, an daina bin ƙirga an koma rabo. Haka ne, rabo ne. Amma da ma can rabo ake yi, bambancin kawai wannan an faɗe shi da baki, an sa masa lamba, kowa zai iya zama da takarda da biro ya ga ko an cika alkawari. Ni na fi yarda da mai rabon da ya ce ga yadda zan raba, a kan wanda ya ce shi ba ya rabo, Allah ne ya kawo haka.

Batun baƙar fata ya fi na mata tsufa da ɗaci. Banjo, wadda ake ɗauka tambarin kiɗan turawan duwatsun Appalachia, bayi 'yan Afirka ne suka ƙera ta a can bisa ƙirar kayan kiɗan tsirkiya na Afirka ta Yamma, dangin akonting ta Senegal da Gambiya, dangin gurmi da molo. Kamfanonin faifai ne a shekarun 1920 suka raba kasuwa biyu, wannan na turawan ƙauye, wancan na baƙaƙe, aka ci gaba da tafiya a haka. Da RCA ta fara fitar da waƙoƙin Charley Pride a 1966, ba ta aika wa tashoshi hotonsa ba, sai da murya ta shiga zukata aka bari aka ga fuskar. Ka yi tunanin dabarar nan a zamanin bidiyo, inda fuska ce ke fara isowa. A watan Maris na 2019 Billboard ta cire waƙar Lil Nas X daga jerin kantiri, ta ce ba ta da isassun siffofin kantiri na yau, a daidai lokacin da mawaƙan kantiri farare ke cusa kiɗan rap a waƙoƙinsu ba wanda ya ce musu kanzil. Waƙar ta je ta yi mako 19 a saman Hot 100, babban jerin da ya haɗa kowane irin kiɗa.

A watan Fabrairun 2024 Beyoncé ta zama baƙar mace ta farko da ta hau saman Hot Country Songs, da waƙar da Rhiannon Giddens ta kaɗa wa banjo. Wanda ya karɓe ta a wannan mataki shi ne Shaboozey, Collins Obinna Chibueze, haifaffen Virginia ɗan iyaye 'yan Najeriya, wanda shi ma ya yi mako 19 a saman Hot 100. A shekarar CMA ba ta saka sunan Beyoncé a takara ko ɗaya ba, Grammy kuwa ta ba ta kyautar kundin kantiri da ta kundin shekara a farkon 2025. Dole in faɗi gaskiya a nan ko da ta rage wa hujjata ƙarfi: ba talabijin ne ya buɗe wa waɗannan ƙofa ba. TikTok da Spotify da YouTube ne. Da a ce sai ta hannun masu tace bidiyo na Nashville za a bi, da wataƙila har yau Shaboozey yana jiran a kira shi.

Akwai kuma lokutan da tashar ke fitowa ƙarara ta ce wannan ba zai shiga ba. A 1991 CMT da TNN sun ƙi nuna bidiyon Garth Brooks na "The Thunder Rolls" saboda ya nuna miji mai dukan matarsa da abin da ya biyo baya. A ganina sun yi kuskure, domin ɓoye dukan mata bai taɓa rage shi ba. CMA ta ba bidiyon kyautar shekara, kuma da GAC ta buɗe a 1995 da shi ta fara. A watan Maris na 2003 mawaƙiyar Dixie Chicks, Natalie Maines, ta soki Shugaba Bush a wani wasa a Landan ana dab da mamaye Iraƙi. A lokacin waƙarsu ce ta ɗaya. Tashoshin rediyo suka janye ta, kamfanin Cumulus ya hana saka su a tashoshinsa na kantiri, cikin makonni kaɗan suka ɓace daga jeri, kuma ba su sake samun wurinsu a rediyon kantiri ba. A wancan zamani idan masu ƙofa suka rufe, ta rufu.

Shekara 18 bayan haka labari ya sha bamban. A watan Fabrairun 2021 aka fitar da wani bidiyo na Morgan Wallen yana furta kalmar nan ta cin mutuncin baƙaƙe. CMT ta cire bidiyoyinsa, manyan kamfanonin rediyo suka ajiye waƙoƙinsa, shi ma ya nemi afuwa. Cinikinsa sai ya ƙaru, kundinsa ya yi mako 10 a jere a saman jerin kundaye na Billboard 200. A watan Yulin 2023 CMT ta janye bidiyon Jason Aldean, wanda aka ɗauka a gaban kotun gundumar Maury a garin Columbia na Tennessee, inda a 1927 gungun turawa suka rataye wani saurayi baƙi ɗan shekara 18, Henry Choate. Aldean ya ce waƙarsa ba ta da alaƙa da launin fata. Janyewar ta zama masa talla, magoya baya suka yi ta saye don nuna fushi, waƙar ta hau saman Hot 100, karo na farko a rayuwarsa. Ni ina ganin CMT ta yi daidai a duka biyun, tasha tana da haƙƙin cewa ba da allona ba. Amma ta yi daidai ne a lokacin da maganarta ta daina sauya komai. Kuma wannan "ta ɗaya" ta Aldean ma ba ƙirgar masu jin daɗin waƙa ba ce, ƙirgar masu fushi ce, lambar ba ta iya bambancewa.

Masu murna da faɗuwar tsohon tsari suna da abin nunawa. A watan Agustan 2023 wani tsohon ma'aikacin masana'anta a Virginia, Oliver Anthony, ya tsaya a daji da jita da karnukansa, aka ɗauke shi aka sa a YouTube, ya faɗo kan mataki na ɗaya a Hot 100 ba tare da ya taɓa shiga wani jeri ba a baya. Babu kamfani, babu darakta, babu mai kwalliya. Zach Bryan ya cika filayen wasa kafin rediyo ya waiwaye shi. Wannan abin farin ciki ne, ban musa ba.

Inda na rabu da su shi ne zaton cewa yanzu babu mai tacewa. Akwai. Abin da ke bayyana a fuskar wayarka lissafin manhaja ne ke zaɓo shi, lissafin da kamfanin bai buga ƙa'idojinsa ba, yana kuma canza su duk lokacin da ya so. Manyan jerin waƙoƙi na Spotify ma'aikata ne ke tsara su. Kamfanin yana da tsarin da mawaƙi zai yarda a rage masa kuɗin da ake biyansa don a ƙara tura waƙarsa ga masu sauraro, abin da wasu 'yan majalisar Amurka suka taɓa tambaya ko ba tsohon na goron ba ne ya sake riga. Ga masu sayar da sauraron bogi, ga masu biyan 'yan TikTok su yi rawa da waƙa kamar su suka tsinto ta. Keith Hill aƙalla ya buɗe baki an kama shi da maganarsa. Billboard da ta cire Lil Nas X sai da ta fitar da bayani, aka yi mata raddi da bayanin nata. Lissafin manhaja ba ya hira da mujalla, kuma kowa nasa allon daban ne, don haka ko an rage wa mata ko baƙaƙe wuri, ba ma kallon abu ɗaya balle mu haɗu mu ce mun gani.

Wannan kallon abu ɗaya shi ne babban abin da shirin ƙirga ya bayar. Da safiyar Asabar jika da kaka suna gaban allo ɗaya, ita tana jiran tsohon da take so, shi yana jiran sabon yaro, dole kowa ya zauna ya kalli na ɗan'uwansa kafin a zo kan nasa. Mataki na 17 da na 14 su ne wurin da ake haɗuwa da wanda ba a sani ba. Sannan a yi gardama, a ce wallahi an zalunci wance, ta fi ƙarfin ta 6. Gardamar nan ita ke sa mutane su koyi sauraro da kunnen basira, su san me ya sa suke son abin da suke so. Wanda manhaja ke ɗura wa irin abin da ya ji jiya ba shi da abokin musu.

Don haka abin da nake nema daga duk mai irin wannan shiri, a Nashville ko a Kano, ƙarami ne. A farkon shiri a rubuta a allo yadda aka ƙirga: ƙuri'a ce, sau nawa mutum ɗaya zai iya kaɗawa, wa ya zaɓi sunayen da aka jera, ko akwai wanda ya biya. Idan zaɓin ma'aikatan tasha ne a ce zaɓinmu ne, ba abin kunya ba ne, mai ɗanɗano ma sana'a yake yi. TRL, tsohon shirin ƙirgar bidiyo na MTV, a zamaninsa yana da ƙa'idar yi wa bidiyo ritaya idan ya kai wasu adadin kwanaki a jeri, kuma masu kallo sun san da ita, ba ta rage masa farin jini ba. A Najeriya TurnTable ta fara fitar da jerin da ke haɗa alƙaluman rediyo da na manhajoji tun 2020, amma ma'aunin da ya dogara da waɗannan zai yi wuya ya ga waƙar da ke yawo daga waya zuwa waya ta hannun masu turi a bakin kasuwa, wadda ita ce hanyar da waƙar Hausa ta fi bi. Idan za a fara yanka wa mawaƙi kuɗin wasa ko na talla bisa matakinsa, yana da haƙƙin sanin abin da aka ƙirga da abin da aka bari.

A Amurka dai wuraren da za a kai irin wannan koke suna ta raguwa. GAC, wadda Scripps ta saya a 2004, ta bar kiɗa a hankali ta koma shirye-shiryen gidaje da tafiye-tafiye, a 2021 aka sayar da ita, yanzu finafinan iyali take nunawa da sunan Great American Family. CMT ta cika yawancin sa'o'inta da maimaicin tsofaffin wasannin barkwanci da finafinai, har alkawarin rabi da rabi na 2020 ya rasa isassun sa'o'in da zai yi aiki a kansu. Leslie Fram ta bar tashar a 2024. A 2025 Paramount, mai tashar, ta dakatar da bikin CMT Music Awards, wanda masu kallo ke zaɓen gwanayensa, tana tsaka da shirin haɗewa da kamfanin Skydance.